FAƊUWA DA JIƘEWA: YADDA ZA MU TSARE WAYOYINMU

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, mai sana'ar gyaran waya, ya gabatar a taron wata-wata da aka yi a Sabo



Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Shugaban wannan ƙungiya tamu tare da 'yan kwamitinsa. Iyayenmu malamai, Allah ya gafarta maku. Shugabannin kasuwar goro da na kara da na 'yan gwari. Iyaye mata da ke can gefe. Samari da sauran jama'a baki ɗaya, ina yi mana barka da zuwa, ina kuma godiya ga shugabanni da suka ba ni wannan dama in tsaya gaban manya.

Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne ƙarkon manyan wayoyin nan na shafawa, musamman game da abubuwa biyu da suka fi kashe su, wato faɗuwa da shiga ruwa. Wataƙila wani ya ce a ransa, to, me ya kawo zancen waya a taron manya? Dalilin a fili yake. Yau ɗan kasuwar da ke zaune nan Kurmi, wayarsa ita ce littafin bashinsa, ita ce bankinsa, da ita yake jin farashin albasa a Aliero ko na shanu a Potiskum kafin ya yi ciniki, kuma da ita yake aika wa iyali kuɗin cefane gida. Duk mun ga abin da ya faru a farkon shekarar 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, inda wanda ba shi da wayar karɓar taransifa ya wuni da kayansa a gaba ba ciniki. Saboda haka mutuwar waya a hannun mai nema asara ce ta jari, wani lokaci ma har da amanar mutane.

BATUN FAƊUWA

Dattawa a nan za su tuna cewa a watan Agusta na 2001 ne wayar salula ta fara aiki sosai a ƙasar nan, kuma wayar da ta yi tashe a wancan lokaci ita ce Nokia 3310, wadda ta fito a shekarar 2000. Har gobe ana ba da labarin taurin ranta. Sai ta faɗo daga aljihu, murfi ya yi nan, batir ya yi can, ka tsince su ka harhaɗa, ta kama aiki kamar ba a yi ba. Sirrin abin shi ne jikinta roba ne, fuskarta 'yar ƙarama ce kuma tana can ciki, sannan wannan tarwatsewa da take yi ita ke kwashe ƙarfin buguwar. Wayar yau kuwa gabanta gaba ɗaya gilashi ne, da yawa ma har bayansu gilashi ne, an manne komai da gam, babu abin da zai fita ya rage mata zafin faɗuwa.

Wayar da ta suɓuce daga tsawon mita 1, wato kamar daga aljihun wando, ba ta cika rabin daƙiƙa kafin ta isa ƙasa, kuma tana isa ne da gudun kusan kilomita 16 a awa guda. In ta faɗi a kwance, nauyin ya rarrabu a jikinta, sau da yawa takan tsira. In kuwa ta sauka ta kusurwa, to duk ƙarfin ya taru a wuri ɗaya ɗan ƙanƙane, daga nan tsagewa ke tashi ta ratsa fuskar. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa, "Wallahi sau goma tana faɗuwa ba ta yi komai ba, yau daga kan benci kawai ta fashe." Waɗancan faɗuwa goma ɗin ba a banza suka tafi ba, kowace ta bar ɗan rauni wanda ido ba ya gani, ta yau ce kawai ta ƙarasa aikin.

Gilashin da ake sa wa wayoyi da yawa shi ne wanda ake kira Gorilla Glass, na kamfanin Corning da ke Amurka, kuma tun wayar iPhone ta farko a 2007 ake amfani da gilashin wannan kamfani. Yadda suke ƙarfafa shi, sukan tsoma shi cikin narkakken gishirin fotashiyam mai zafin kusan digiri 400, sai ƙananan ƙwayoyin sodiyam da ke fatar gilashin su fita, manya na fotashiyam su maye gurbinsu, su cunkushe wurin. Kamar dai buhun da aka danƙara wa hatsi ne har ya yi tauri. Wannan cunkoso shi ke hana tsagewa buɗe baki. Kamfanin ya ce samfurinsa na 2020, mai suna Victus, ya jure faɗuwa daga tsawon mita 2 a ɗakin gwaji. To, amma jama'a, ɗakin gwaji daban, tsakuwar tasha daban. Gilashi dai sunansa gilashi.

Wani abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne yashi. Makulli da tsabar kuɗi ba su cika yi wa wannan gilashi illa ba, domin ya fi su tauri. Amma ƙwayar yashi ta fi gilashin tauri. A ma'aunin taurin duwatsu tana mataki na 7, gilashin kuwa daga wajen mataki na 6 yake fara karcewa. Ɗan yashin da ke ƙasan aljihu, ko ƙurar hunturu da ka goge da bakin riga, su ke yi wa fuskar waya zane, kuma kowane zane ƙofa ce ta fashewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin wannan ba shi da tsada. A sa wa waya riga ta roba mai kauri a kusurwoyi huɗu, wadda bakinta ya ɗan ɗara fuskar wayar tudu, yadda in ta kife gilashin ba zai taɓa ƙasa ba. A manna mata gilashin kariya a fuska, in ya fashe a ɓamɓare a sa wani, domin aikinsa ke nan, ya mutu a madadin na ciki. Kuɗin waɗannan biyu bai kai ko kusa da kuɗin canjin sikirin ba. Masu acaba da masu Keke kuma su daina soke waya tsakanin kunne da hular kwano, ko ɗora ta a cinya ana tafiya. Haka nan aljihun baya na wando ba wurin waya ba ne. Zama a kanta yana lanƙwasa ta a hankali har gam ɗin ya saki.

Akwai kuma raunin ciki. Waya takan faɗi fuska ba ta fashe ba, amma batir ya bugu. Idan bayan faɗuwa ka ga bayanta ya kumbura, ko sikirin ya ɗago daga mazauninsa, ko tana zafi ba dalili, ka daina sa ta caji nan take, kada ka kwana da ita ƙarƙashin matashi, ka kai a canza batir. Irin wannan batir in ya huje yana iya kamawa da wuta, mu kuma mun san yadda ɗakunanmu da rumfunanmu suke manne da juna a Sabo.

BATUN RUWA

Yanzu sai mu zo ga ruwa, wanda mu mazauna Kudu ya fi damunmu. A gida damina wata huɗu ce zuwa biyar, ta wuce, iska ta bushe. Nan kuwa tun daga wajen Maris ko Afrilu ake ruwa har Oktoba, kuma ko ba a ruwan, iskar kanta a jiƙe take. Ga gumi, ga kwatoci masu cika su tumbatsa, ga 'yan uwanmu na Ikko da Fatakwal da ke kusa da ruwan gishiri. Sannan akwai wanda ya fi kowanne yawa a wurinmu: mutum ya sa waya a aljihun gaba na riga, ya sunkuya zai yi alwala ko zai ɗebi ruwa a rijiya, sai ji ka yi tsulum. Na bayan gida kuwa, a gafarce ni, ba sai na faɗa ba.

Masu sayarwa za su ce maka, "Alhaji, wannan ba ta jin ruwa." Kada ka tsaya ga bakinsu, ka duba kwalinta. Akwai wasu haruffa biyu, IP, da lambobi biyu a gabansu. Wannan ma'auni ne na duniya, ba kamfanin wayar ne ya ƙirƙire shi ba. Lambar farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6. In ka ga 5, ƙura kaɗan na iya shiga ba tare da ta yi lahani ba, in ka ga 6, ba ta shiga sam. Lamba ta biyu ita ce ta ruwa. In 3 ce ko 4, to yayyafi da fantsama kawai wayar ke iya jurewa. In 5 ce ko 6, tana jure feshin ruwa kamar na tiyo. In 7 ce, an gwada ta cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. In 8 ce, ta wuce haka, amma kamfanin ne ke faɗin iyakar zurfin. Misali, Galaxy S7 ta Samsung da ta fito a 2016 an ce mita ɗaya da rabi, iPhone 12 ta 2020 kuma an ce mita 6, duka na minti 30, alhali lambarsu ɗaya, IP68. Idan kuma ka ga harafin X a gurbin lamba, ma'anarsa ba a yi gwajin wannan ɓangare ba.

Da yawa daga cikin wayoyi masu sauƙin kuɗi da muka fi riƙewa, lambarsu ba ta wuce 53 ko 54 ba, wasu ma babu lambar ko kaɗan. Wannan ba aibi ba ne, iyakar kuɗinka iyakar shagalinka. Abin da ake so shi ne mutum ya san abin da ke hannunsa, kada ya ga ɗan maƙwabci yana wanke tasa a famfo shi ma ya kwaikwaya.

Ko mai lamba 68 ɗin ma akwai magana. Gwajin da ake yi, da sabuwar waya ake yinsa, cikin ruwa mai tsabta, mai sanyi, wanda yake kwance ba ya motsi. Ba a gwada ta da ruwan teku ba, ko ruwan sabulu, ko shayi mai zafi, ko miya. A kan wannan batu har hukumomi sun ci tarar manyan kamfanoni. A watan Nuwamba na 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar Italiya ta ci kamfanin Apple tarar Yuro miliyan 10, saboda tallarsa ba ta bayyana wa masu saye cewa a ɗakin gwaji kaɗai wannan juriya ta tabbata ba, kuma in ruwa ya ɓata wayar ba ya gyarawa a ƙarƙashin garanti. A watan Yuni na 2022 kuma wata kotun tarayya a Ostireliya ta umarci reshen Samsung na can ya biya Dalar ƙasar miliyan 14, saboda tallace-tallacen da ya yi tsakanin 2016 da 2018 masu nuna ana shiga teku da wurin ninkaya da waya, alhali in aka sa ta caji da sauran danshi, ramin cajin na iya yin tsatsa ya mutu. To, in masu ƙera abin sun sha tara a kan wannan magana, yaya za ka dogara da bakin yaron shago?

Abin da ke tare ruwa a jikin waya ba wani sihiri ba ne: gam ne, da 'yan zobban roba a bakin ramuka, da wani siririn ƙyalle a bakin sifika mai barin sauti ya fita ya hana ruwa shiga. Yau da gobe ba ta bar komai ba. Zafin rana a gaban mota yana narkar da gam, faɗuwa tana buɗe shi, tsufa yana busar da roba. Uwa uba, duk wayar da aka taɓa buɗewa aka gyara, da wuya ta koma yadda kamfani ya rufe ta. Saboda haka masu sayen ta hannu, wadda ake ce wa tokumbo ko Landan yus, ko a Kwamfuta Bileji ta Ikeja aka saye ta ko a Dugbe, su ɗauka cewa ba ta da wata kariyar ruwa, ko me aka rubuta a kanta.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

Ruwa yana kashe waya ta hanya biyu. Ta farko, ruwan da muke hulɗa da shi yana ɗauke da gishiri da datti, saboda haka wuta na bi ta cikinsa, sai ya haɗa layukan da bai kamata su haɗu ba, wani abu ya ƙone a fanel. Ta biyu ita ce tsatsa, wadda ke ci a hankali, kuma kasancewar wuta a jikin wayar yana ƙara mata sauri. Wannan ne ya sa waya kan faɗa ruwa ta ci gaba da aiki, mai ita ya yi hamdala, bayan kwana huɗu ko mako guda ta ɗauke gaba ɗaya.

Don haka ga abin yi. Da ka tsamo ta, ka kashe ta, kada ka tsaya latse-latse kana duba ko tana aiki. Ka cire rigar, ka zare layi da katin ajiya, in mai fitar batir ce ka cire shi. Ka goge ta da tsumma mai tsabta, ka juya ramin caji ƙasa ka ɗan bubbuga ta a tafin hannu a hankali don ruwan ya fito. Ka ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, gaban fanka ya fi. Babban abin kiyayewa, kada ka sa ta caji. Kada kuma ka hura mata iska da baki, ko ka cusa tsinke da auduga cikin ramin, duk tura ruwan ciki suke yi. Masu shanya ta a kan kwano da rana tsaka, da masu kai ta kusa da murhun mai shayi ko tukubar mai tsire, su sani garin neman gira za su rasa ido, domin zafi yana lalata batir da sikirin.

Sai batun shinkafa, wanda na san kowa a nan ya taɓa ji. Shinkafa ba ta jawo ruwan da ya riga ya shige ƙarƙashin fanel, ba ta kuma cire gishirin da ruwan ya bari. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta a shawarwarinsa, aka yi ta yaɗawa a 2024, cewa kada a sa waya cikin shinkafa, domin ɓurɓushinta na iya shiga ya yi ɓarna. Babbar illarta ma ita ce kwana biyu ko uku da mutum zai ɓata yana jira, tsatsa kuwa tana can tana aikinta. Iyaye mata, a bar shinkafa ta tafi tukunya.

In ruwan ya shiga sosai, balle na kwata ko na gishiri ko mai sukari, a kai wa mai gyara a ranar, ya buɗe, ya cire batir, ya wanke fanel da sinadarin da ake wanke shi da shi, ya busar. Kuma don Allah a gaya masa gaskiya. Akwai wata 'yar alama fara a cikin wayoyi da yawa, galibi wajen ramin layi, wadda ke komawa ja da zarar ruwa ya taɓa ta. Ko ka rantse ba ta shiga ruwa ba, alamar za ta tona, kuma da ita kamfani ke ƙin karɓar garanti. Ɓoye wa mai magani ciwo, kai ne da asara.

KIRA GA JAMA'A

Kafin in zauna ina da roƙo guda uku. Na farko ga 'yan kasuwa: abin da ke cikin waya ya fi wayar daraja. A sa yara masu ilmin abin su taimaka a adana lambobin mutane da hotunan rasit a asusun intanet, yadda ko wayar ta mutu za a same su a wata. Bashi da ajiyar mutane kuma a rubuta su a littafi, da boko ko da ajami, kamar yadda iyayenmu suka yi. Mun sha ganin rigimar da ta kai gaban Sarki, wadda asalinta waya ce ta faɗa ruwa da lissafin mutane a ciki. Layin da ke haɗe da banki kuma a tabbata da sunan mai shi aka yi rajistarsa, da lambarsa ta ɗan ƙasa, don in ya lalace a iya dawo da shi ba wahala.

Na biyu ga masu shirin saye: a duba lambar IP, a tambayi kuɗin sikirin ɗin wayar da ko ana samunsa a kasuwa tun kafin a biya. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun 20 ga Yuni 2025 doka ta tilasta a manna wa sabuwar waya takarda mai nuna juriyarta ga faɗuwa da sauƙin gyaranta, daga harafin A zuwa E. Mu nan ba mu da wannan tukuna, saboda haka tambaya ita ce takardarmu. Wanda aikinsa na cikin ruwa ne ko na dako, kamar 'yan ga-ruwa da masu wankin mota da masu lodi, ya fi masa ya riƙe ƙaramar waya mai maɓalli wurin aiki, ya bar babbar a ɗaki. In ba hali, ko 'yar leda mai zif ta isa ta tare ruwan sama da gumi.

Na uku ga 'yan uwana masu gyara: mu ji tsoron Allah a kan dukiyar mutane. In ka buɗe waya, ka gaya wa mai ita cewa kariyar ruwanta ta ragu. In sikirin ɗin da za ka sa ba na asali ba ne, ka faɗa, ka karɓi kuɗin da ya dace da shi. Abin da ka gani cikin wayar mutum kuma amana ne. Mu baƙi ne a garin nan, sunan ɗayanmu sunan dukkanmu ne. Ina kuma roƙon shugabanni su duba yiwuwar tura wasu daga cikin samarinmu marasa aiki su koyi wannan sana'a, domin akwai abinci a cikinta, mu kuma a shirye muke mu karɓe su.

Jama'a, rigakafi ya fi magani, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ke da tambaya, ina nan bayan an tashi. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya sa albarka a nemanmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gida cikin rufin asiri.